Jaket ɗin Tsoho da Saƙon Riruwai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana mahaifin babana, wanda mu jikoki muke kira Tsoho, ya koma ga Ubangijinsa a ƙarshen bazarar nan, a gidansa da ke ƙauyenmu kusa da Kiru, a kan gadonsa. Na ce a kan gadonsa ne saboda duk wanda ya zo gaisuwa tambayar da yake fara yi ke nan: "Babur ne?" A ce masa a'a, zazzaɓi ne. Sai ka ga mutum ya riƙe baki. Shekara da shekaru ana cewa babur ne zai yi ajalin tsohon nan, ga shi ya kwanta ya tafi abinsa, ya bar babur ɗin a zaure an lulluɓe shi da buhu.

Jama'a sun zo har tabarmi suka yi kaɗan. 'Yan acaɓa daga Bebeji da Kwanar Ɗangora sun jera babura a ƙofar gida har mata suka rasa hanyar wucewa da tukwane. Liman ya ce bai san wanda ke riga kowa isa jana'izar wani gari kamarsa ba. Wani dattijo mai gwanjo a kasuwar Tudun Wada ya durƙusa gaban babana, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce, "Wallahi duk masu zuwa rumfata babu wanda ya wahalar da ni kamar mahaifinka." Yana faɗa yana share ido da hannun riga.

Akwai kuma wani magidanci daga Doguwa da ya zauna cikin ranar nan da jaket a jikinsa, zif har wuya, gumi na tsiyaya. Aka ce ya cire mana. Ya ce ba a gidan nan ba. Ashe shekarun baya ya taɓa faɗuwa da babur a dajin Falgore daga shi sai 'yar shara, kwalta ta kwashe masa fatar hannu biyu. Tsoho ne ya tsaya, ya wanke masa da ruwan gorarsa, ya yaga rawaninsa ya ɗaure, ya zauna da shi yana ta ba shi baki har mota ta zo. Ko kalma ɗaya ta faɗa bai yi masa ba. Sai da ya ji labarin ya warke sarai, sannan ya hau babur takanas har Doguwa, ya nemi gidansa, ya sa aka yi masa sallama da shi, ya wanke shi tas a gaban maƙwabta kan hawa babur babu jaket. Mutumin ya ce da ya gama faɗan kuma ya zauna ya ci tuwo.

Ranar sadakar uku jikoki suka yi abin da jikoki suka saba. Ƙanwata ta zura babbar rigar Tsoho, ta tattare hannayenta ta cusa, ta ɗora jaket ɗinsa a kai yadda yake yi, ta fito tsakar gida ta kumbura kamar buhun ƙaiƙayi, tana ɗingisa ƙafa tana cewa, "Kai yaro, wa ya zaɓa maka wannan tsumman?" Mata suka kwashe da dariya. Wani matashin malami a waje ya ɓata rai, ya ce wannan ba addini ba ne. Inna, matar Tsoho, tana cikin ɗakin takaba ta leƙo, ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga nan dariyar ta juye, aka sake mata labule. Ni ne babban jika, ni ya kamata in ja wasan. Ban iya ba. Na gaji da ɗaukar tabarma da amsa "ya haƙuri".

Amma ba gajiyar ce ta fi damun gidan ba. A ƙarƙashin kowace gaisuwa akwai wata tambaya da ake yi ƙasa-ƙasa: "An gaya wa Yaya?"

Ba a gaya mata ba.

Yaya ita ce yayar Tsoho, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu suka rage. Shi yake ce mata Yaya, mu ma duk muka bi bakinsa. Tun tana yarinya aka kai ta aure Riruwai, zamanin da ake haƙar kuza, can ta haihu, can ta binne mijinta da 'ya'yanta. Yanzu idonta ya tafi, tana zaune da surukarta, matar ɗanta marigayi. Ba ta yarda da waya, ta ce muryar da ba ta da hannu ba ta san ta ba. Tsoho ne hanyarta zuwa gare mu. Komai ya faru a dangi, haihuwa ko rasuwa ko rigima, shi zai hau babur ya kai mata da bakinsa. Ga shi yau labarin nasa ne, babu mai kaiwa.

Baffa, ƙanin babana da ke aiki a Kano, shi ya hana. Ya ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba, a bari tukuna. Babana ya ce, "A bari har yaushe? Haƙƙinta ne fa." Baffa ya ce, "In ta faɗi, kai za ka ɗauki alhakin?" Suka yi ta yi a zaure, murya ƙasa don baƙi. Ana cikin haka surukar Yaya ta kira babana a waya tana kuka. Ta ce ita kam ta kai maƙura. Tun da aka fara jin ƙanshin ruwa a duwatsu Yaya take sa a shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa, wai ƙaninta ba ya wuce ruwan farko bai zo ba. Ta ce, "Ni bare ce, ba zan iya ba. Ku aiko na jini."

Babana yana karɓar gaisuwa, ba zai tashi ba. Baffa ya sunkuyar da kai. Duk suka juyo suka dube ni. Kai, zama babban jika ma wahala ce.

Washegari da hantsi na shiga yi wa Inna sallama. Ta dube ni daga sama har ƙasa, daga ni sai yadi mai shara-shara, ta miƙo hannu bayan ƙofa ta ciro jaket ɗin.

"Saka."

"Inna, cikin zafin nan?"

"Nan ne ake zafi. Ka san abin da ke kudu?"

Baffa daga waje ya ce ai ba a raba gado ba tukuna. Inna ta ce, "Aro na ba shi. In an zo rabo ka ɗauki hannu ɗaya."

Na saka. Ƙanshinsa na nan, turare ɗan goma da man inji da goro. Kuma in faɗi gaskiya, wani sanyi na ji a raina. Yaya da hannu take gane mutum. Na ce in ta taɓa rigar nan ta ji ba mai ita ba ne a ciki, ai shi ke nan, ta gane. Ba sai na buɗe baki na faɗi abin da tun jiya nake jin ba zai fito ba.

Jaket ɗin ba wani abin kallo ba ne. Launin ƙasa-ƙasa, rana ta cinye shi. Raga a ƙirji da baya, zif a ƙarƙashin kowace hammata, soso mai tauri a kafaɗa da gwiwar hannu, da wani shafi na leda da ake cirewa a naɗe a aljihun baya. Tsoho yakan ce hanyar Riruwai ba gari ɗaya ba ce. "Kana fita Kiru ana gasa ka, ka shiga Falgore iska ta mare ka, ka hau dutse ruwa ya karɓe ka. Duk a wuni ɗaya. Rigar da za ka tuɓe a hanya don zafi ba riga ba ce, kaya ka ɗauka." Mu kuwa mu yi ta tsokanarsa, mu ce Tsoho ya fi kula da jaket a kan Inna. Ya ce Inna ba ta taɓa tare masa kwalta ba.

Kafin in kai Kwanar Ɗangora rana ta buɗe sosai. Na zuge zif ɗin hammata, iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya, na ji gumin yana bushewa. A nan kwanar ne aka yi abin da ya haɗa Tsoho da Baffa, shekarun baya. Baffa ya sayo masa jaket na fata daga Kano, baƙi wuluk, mai sheƙi, mai nauyi, irin wanda in ka gani ka san an kashe kuɗi. Tsoho ya yi godiya, ya sa albarka, ya rataye. Baffa ya zo ya ga ba a sawa, ya sake zuwa ya ga ba a sawa, ya yi ƙorafi wajen Inna. Don kunya Tsoho ya saka ranar wata kasuwa, tsakiyar bazara. A nan kwanar ya sauka da kyar, ya zube gindin mangwaro, wani mai rake ya yi ta kwara masa ruwa a ka. Da ya dawo gida ya tarar da Baffa a zaure cikin mutane, ya tuɓe ya ajiye masa a cinya, ya ce, "Ɗan nan, in gadona kake so ka yi haƙuri ka jira. Ba sai ka dafa ni ba."

Mutane suka yi dariya, Baffa bai yi ba. Abin ya ci masa rai, don da zuciya ɗaya ya saya. Ya ce ba laifin riga ba ne, shekaru ne suka wuce hawa babur, ya zare makullin babur ɗin ya tafi da shi Kano. Tabɗi. Washegari Tsoho ya taka har bakin titi, ya tsayar da ɗan acaɓa, ya ce masa koma baya. Shi ya tuƙa, mai babur na goye. Damina guda uba da ɗa ba sa haɗa ido. Inna ce ta gaji, ta sa babana ya je ya karɓo makullin. Har Tsoho ya rasu ban ji ɗayansu ya ce wa ɗaya yi haƙuri ba, sai dai na ga Baffa ne ya shiga kabari ya karɓi gawarsa.

A Tudun Wada na tsaya na sha ruwa, ba don ƙishi ba, don dai in ja lokaci. Ba ranar kasuwa ba ce, rumfuna duk a wofi. A nan Tsoho ya taɓa jawo ni lokacin da na sayi babur ɗina, wai zai zaɓa mini riga. Bai yarda a je da sanyin safiya ba, sai da rana ta take. Ya ce wanda ya gwada riga da sanyi, ƙarya ta yi masa. Mai gwanjo na hango mu ya ce, "Wayyo, yau na shiga uku." Aka kwance dilar riguna. Tsoho ya ɗaga wannan ya duba ta rana. Ya kafa baki a jikin waccan ya hura, hannunsa na ciki yana jiran iska. Ya karɓi butar mai rumfa ya ɗiga ruwa a kafaɗar wata, ya tsaya yana kallo ko zai gangara ko zai nutse. Baƙa ko taɓa ta ba ya yi. Wadda na ce ina so, mai ja da rubutu a baya, ya ce, "Wannan ta masu ɗaukar hoto ce."

Wadda ta tsallake duk wannan sai ya sa ni in saka, in hau benci in zauna kamar ina kan babur, in miƙa hannu gaba. Ga 'yan mata suna wucewa, ni kuma ina tuƙa benci. Ya ja hannun rigar ya ga ko ya rufe wuyan hannu, ya zaga ya duba ko bayan ya ɗage ya bar ƙugu a waje, ya cusa yatsu a ƙirji ya ce ta yi sakwa-sakwa, iska za ta hura ni kamar balan-balan, in na faɗi kuma soson zai gudu ya bar gwiwar. Na ce, "Tsoho, riga ce fa, ba aure ba." Ya ce, "Aure in bai yi ba ana rabuwa a zaune. Wannan a guje ake rabuwa." Muka wuni, bai saya ba. Ya ce a jira wata dilar. Ni kuma tun daga ranar in na ji ya ce dila ta iso sai in ce ina da aiki a shago. Na ci gaba da 'yar rigar ledata a ƙarƙashin kujerar babur, wadda yake cewa in ka saka ta ruwan ciki ya fi na waje.

Na shiga Falgore. Itatuwa sun fara sabon ganye, hanya shiru, sai manyan motoci jefi-jefi. Iska ta canja, na ja zif ɗin na rufe. A nan na fara gwada maganar a bakina. Yaya, sai haƙuri. Yaya, Allah ya yi ikonsa. Yaya, Tsoho ba shi da lafiya sosai. Kowacce na faɗa sai iska ta kwashe, in ji ba ta yi ba. Na daina. Na ce ai riga za ta yi.

Gab da Doguwa gabas ta yi baƙi. Na ga Fulani suna tattara shanu, na tuna yana cewa kada ka jira ɗigon farko, in makiyayi ya fara gaggawa kai ma yi taka. Na tsaya na ciro shafin na maƙala a ciki. Ban yi nisa ba ruwa ya sauko, irin mai duka kamar tsakuwa. Wandona ya jiƙe sharkaf, takalmi ya cika, amma daga wuya zuwa ƙugu ko ɗigo. Na ce a raina, to Tsoho, ka ci wannan. Sai kuma na tuna babu wanda zan koma in faɗa wa, na rage gudu don ban ga hanya sosai ba.

Bayan la'asar na hau Riruwai, ruwan ya koma yayyafi, sanyi na ratsa ƙafa. Surukar Yaya ta tare ni a zaure, ta toshe baki da mayafi, ta nuna mini ciki da hannu. Yaya na zaune a bakin ƙofar ɗakinta, an ja mata tabarmar inda ruwa ba ya kaiwa, carbi a hannu. Ta ƙara ƙanƙancewa.

"Wane ne? Wannan ba kukan babur ɗinsa ba ne."

Na yi sallama, na durƙusa, na faɗi ko ni wane ne.

"Au, maigidan ne da kansa? Sai yau ka tuna kana da mata a kan dutse? Me ka kawo mini?"

"Yaya, ina wuni. Mun same ku lafiya?"

"Matso in ji ko ka yi ƙiba."

Na matsa. Ta kama wuyan hannuna tana dariya. Yatsunta suka taɓa bakin hannun rigar, a jiƙe. Suka hau zuwa gwiwar hannu, suka tsaya a kan soson, inda aka taɓa yin faci. Suka hau kafaɗa. Ta matsa kafaɗar ta ji rigar ta lotsa, babu abin da ya cika ta. Dariyar ta ɗauke.

Na sunkuyar da kai ina jira. Na ce shi ke nan, an gama.

"Ina mai ita?"

Na juya na dubi surukarta.

"Da kai nake."

"Yaya, ai kin gane."

"Riga na gane. Riga aka aiko ko kai?" Muryarta ba ta ɗaga ba, amma hannunta ya ƙara damƙe ni. "Ni na goya yaron nan. A bayana ya yi haƙori. Shekara nawa yana hawo dutsen nan yana gaya mini mutuwar mutane da bakinsa, bai taɓa bari na lalubo da kaina ba. Shi ne nasa za a bar ni in shafa? Buɗe bakinka ka faɗa mini."

Wallahi ban taɓa ɗaukar abu mai nauyin wannan ba. Surukar na bayana tana shessheƙa. Yaya na jira, fuskarta na kallon gefen kunnena.

Na ce, "Yaya, Tsoho ya rasu. Zazzaɓi ne. An yi masa sutura, an kai shi. Jiya aka yi sadakar uku."

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta sake faɗa. Ba ta faɗi ba, ba ta suma ba, duk abin da Baffa ke tsoro bai faru ba. Ta dai zauna, hawaye na bin ramukan fuskarta. Ta tambayi ko ya sha wahala, na ce bai daɗe ba. Ta tambayi ko ya samu kalmar shahada, na ce ya samu, babana na riƙe da shi. Ta tambayi wa ya yi masa wanka, na faɗa mata.

"Har sadakar uku," ta ce. "Kuna can kuna ci, ni ina nan ina sa yarinyar nan shimfiɗa tabarma."

Ban ce Baffa ne ba, don duk mun zauna mun yi shiru tare da shi.

Ta ɗaga hannu ɗaya, ɗayan bai sake ni ba. Ta roƙi Allah ya yafe wa ƙaninta abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya yalwata masa makwanci, ya sanyaya masa shi, ya sa duk tafiyar da ya yi don zumunci ta tarar da shi a mizani, ya haɗa shi da iyayensu. Muka ce amin. Ni ma nan nake roƙon duk wanda ya karanta wannan ya ce amin.

Yayyafin ya tsaya. Surukar ta tashi ɗora ruwan zafi. Yaya ta sake lalubo kafaɗar, ta tsunkuli inda ya yi yawa ta ja.

"Ta yi maka girma. Ka mayar wa matarsa, tana buƙatar abin da za ta riƙa gani a bayan ƙofa. Kai ka je ka nemi taka, daidai jikinka, mai jure zafin can da ruwan nan."

Na ce to.

Na yunƙura zan tashi. Sai ta ce, a hankali, ba da muryar wasa ba, "Ko kai ma zuwan ke nan?"

Na ce, "A'a, Yaya. Zan dawo."

Ta ce, "To." Amma ba ta saki hannun rigar ba sai da aka kira magariba.